Asalin Kalmar "Tasha" Kamar Yadda Na Hango Shi Daga Gadar Wudil

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan kalma, wata 'yar gardama ce da ta ɓarke a taron ƙungiyarmu na ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna cewa an kawo shawarar a rage baƙin kalmomi a cikin wannan mujalla tamu, har aka shiga lissafa waɗanda za a kora da waɗanda za a bari. Da aka zo kan "tasha" sai wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce a ƙyale ta, domin ita Bahaushiya ce gaba da baya, daga "tashi" aka samo ta, tun da a nan ne motoci suke tashi. Kafin kowa ya amsa sai wani daga baya ya ce, "Ai sai a tambayi mutumin Wudil, shi ne ɗan tasha." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta fatar baki ce. Mahaifina direba ne, shekara talatin da 'yan kai yana lodi a tashar Wudil, kuma da kuɗin tashar nan aka biya mini jarrabawa har na zo inda nake zaune ana yi mini dariya. Saboda haka da aka yi hutu na tafi gida da tambayoyi biyu: daga ina kalmar nan ta zo, kuma yaya aka yi sunan wuri ya koma zagi?

Bari in fara sallamar ɗan'uwana mai "tashi", domin tasa ba ta da wuya. Mai karatu ya furta kalmomin biyu a hankali ya saurari bakinsa. Wasalin farko na "tashi" dogo ne, ana jan sa, na "tasha" kuwa gajere ne. Sa'an nan in da Bahaushe ne ya ƙera sunan wuri daga "tashi", ai yana da hanyarsa da ya saba, wadda ta ba mu masauki daga sauka, da mashaya daga sha, da mahauta, da majema. Da sai mu ji wani abu mai farawa da "ma". Abin da "tashi" ta haifa shi ne irin su tashe na watan azumi, wannan kam ɗanta ne na cikinta. Amma "tasha" baƙuwa ce, kama ce kurum ta haɗa su, kama da wane kuwa ba ta wane.

Uwarta ita ce kalmar Ingilishi da ake rubutawa station. Abin dariyar shi ne, ma'anarta ta asali kishiyar tashi ce sak. Su ma Ingilishi aro suka yi, ta hannun Faransawa, daga Latinanci, harshen Rumawa na dā, inda statio take nufin tsayuwa ko wurin tsayawa, daga aikatau stare, watau tsaya. Rumawa suna kiran wurin da soja yake gadi da wannan suna, haka kuma wurin da jirgin ruwa yake sakin anga. Da ta shiga Ingilishi, tun wajen ƙarni na 14, ta daɗe tana nufin wurin da aka tsayar da mutum, ko a bakin aiki ko a cikin jama'a, watau matsayinsa. Har mai sayar da littattafai da ya kafa rumfa wuri guda, ba ya yawon talla, daga wannan kalma aka yi masa suna, kuma sunan nan ne ya bi takarda da alƙalami da tawada har yau a kantunan Turawa. Ba ta haɗu da jirgin ƙasa ba sai da aka ƙago shi: an buɗe hanyar Stockton zuwa Darlington a 1825, aka buɗe ta Liverpool zuwa Manchester a 1830, daga nan wurin da jirgi yake tsayawa ya ɗauki fasinja ya amshe sunan. Larabawa da nasu jirgin ya zo ba su ara ba, sai suka ce mahaɗɗa, daga kalmarsu ta sauke kaya. Wannan kuwa ita ce ainihin ma'anar zango a wurinmu, zan kuma dawo kansa.

To, yaushe ta iso ƙasar Hausa? Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1907 aka kawo Girouard ya gaji Lugga a mulkin Arewa, shi kuwa injiniyan hanyar jirgi ne tun asali, kuma a wannan shekara aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara. Dogon ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe shi sosai ga 'yan kasuwa, an kuma haɗe shi da wanda ya taso daga Ikko a Minna. Turawan auduga suke hange, sai manoman Kano suka ba su gyaɗa. Daga nan rassa suka yi ta fita: Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930. Duk inda jirgin nan ya tsaya sai an kira wurin da wani suna, kuma waɗanda suka fara kiran sa ba Turawa ne kaɗai ba.

A nan ne maganar take da daɗi ga ɗalibin harshe. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, in ya same su sai ya cusa wasali a tsakani. Shi ya sa muke da sito, da sitiyari, da sitati, da sikeli, da sukudireba. In da kai tsaye daga bakin Bature muka karɓi kalmar nan, da abin da za mu samu shi ne "siteshan" ko makamancinsa. Amma sai ga "s" ɗin ya ɓace ɗungum. Ina ya tafi? Masana harshe da dama suna ganin a hanya aka yar da shi, a bakin Yarabawa, waɗanda suke cewa teshan, kamar yadda suka mai da kalmar Ingilishi ta hanyar cikin gari ta zama titi, mu kuma muka karɓa a hannunsu. Ni wannan bayani ya gamsar da ni, domin ya dace da tarihi. An fara dogon Ikko tun kafin na Arewa, ya kai Badun a 1901, saboda haka da jirgi ya zo mana ya zo ne da akawuna da masu sayar da tikiti da makanikai mutanen Kudu, waɗanda da yawansu suka zauna a Sabon Gari. Bakano mai buhun gyaɗa ba da Bature yake magana a bakin sikeli ba, da akawu yake yi.

Saura "n" na ƙarshe. Shi kuma mu muka cire shi da kanmu, bisa wani kuskure mai ma'ana. Kunnen Bahaushe in ya ji "n" a ƙarshen suna sai ya ɗauka na mallaka ne, irin na "gidan Audu". Da ya ji "kantin" sai ya zaci kantin wani ake nufi, ya ce to sunan abin kanti ke nan. Haka ya yi wa inji, da fansho, da kamasho. Da teshan ta rasa wutsiyarta sai ta ƙare da "a", duk sunan da ya ƙare da "a" kuwa galibi mace muke ɗaukar sa. Nan take aka ɗaura mata zane: tashar Kano, tasha ta cika. Aka kuma yi mata jam'i irin na gida, tashoshi, kamar hanya da hanyoyi. Kalmar da aka yi wa wannan hidima, a ganina, ta wuce a kira ta baƙuwa a taron ƙungiya.

Wani abin lura shi ne ba duk kayan da kalmar ta zo da su muka karɓa ba. Turawan mulki suna kiran mazaunin Razdan da Di'o da wannan suna, amma mu bariki muka ce, kalmar da muka samu daga sojoji. Wurin 'yan sanda ma da sunan nan suke kiran sa, mu muka ce caji ofis. Wurin sayar da fetur muka ce gidan mai. Abin da muka ware wa tasha shi ne wurin da abin hawa yake tsayawa ya sauke ya ɗauka, daga nan ta haura zuwa tashar jiragen ruwa. Da rediyo ya zo sai muka raba aiki: ginin da ma'aikatansa gidan rediyo ne, amma abin da ake murɗawa a kamo a akwati tasha ce. Tsofaffinmu sun kamo tashar London tun 1957 da aka fara shirin Hausa a can, da tashar Kaduna tun 1962, ga shi yanzu ƙannenmu suna buɗe tasha a YouTube.

Yanzu sai Wudil. Garinmu yana kimanin kilomita 40 gabas da Kano, a bakin kogin da ya samu bayan kogin Kano da na Calawa sun haɗe, wanda daga nan yake nufar Haɗeja. A tarihi, mazaunin Makaman Kano ne a tsarin hakimai. Dogon Nguru ta arewa da mu ya bi, ta Ringim, bai ko leƙo mu ba. Ke nan duk tashar da Bawudile ya sani a garinsu ta mota ce, kuma wannan shi ya nuna mini cewa kalmar ba ta daɗe a kan dogo ba ta sauko ƙasa. Dalili kuwa a fili yake. Jirgi bai kai Maiduguri ba sai 1964, saboda haka shekaru masu yawa manyan motoci ne suke jigilar kaya da mutane tsakanin Kano da ƙasashen gabas, hanyoyin Borno da Bauci kuwa sai sun ƙetare ruwa a Wudil. Motar da ta ɗauko kaya daga tashar jirgi a Kano, inda ta tsaya ta sauke shi ma sai ya zama tasha. Haka kalmar ta bi taya har ta je inda dogo bai taɓa zuwa ba. A Maraɗi da Damagaram, inda Faransawa suka yi mulki, ba su kuma shimfiɗa dogo ba, tasha ake cewa.

Amma kafin mota fa? Wannan ita ce tambayar da na kai wa wani dattijo, abokin kakana, wanda ya yi yaran mota tun yana saurayi, yanzu kuwa sai dai a kawo shi bakin tasha ya zauna a benci a gaishe shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, kafin a ce tasha me ake cewa?" Ya dube ni ya ce, "Kai jikan wane, abin da ake koya muku ke nan a jami'ar? To ai zango ne." Ya ce abin da ya ji daga iyayensa shi ne, kafin a yi gada, da damina in kogi ya kawo, fatake sai su sauke a gaɓa su jira masu fito, wani lokaci a kwana biyu ana jira, da jakuna da shanu da kanwa da komai. Da rani kuwa ruwa yakan janye a taka yashi a wuce. Wannan ma ya zama labari, domin tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 kogin ya daina ƙafewa kamar dā. Abin da na fahimta daga maganarsa shi ne, ruwa ne ya fara tsayar da matafiya a Wudil, mota ta zo ta tarar da su a tsaye.

Da na zauna na jera abin da ya gaya mini game da zango da abin da na tashi ina gani a tasha, sai na ga kusan riga kawai aka sauya. Zango yana da sarkin zango mai karɓar baƙi, tasha tana da sarkin tasha. Ayari yana da madugu, mota tana da direba, shi ma da yaransa. Dillali yana cin la'ada, ɗan kamasho yana cin kamasho, kuma aikin ɗaya ne, haɗa mai nema da mai bayarwa. 'Yan alaro sun zama 'yan dako. Masu tuwo da masu fura suna nan inda suke, sai dai mai shayi da ya ƙaru. Har bin layi wajen lodi, wanda ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978 take kula da shi, bai rasa kama da yadda madugu yake tsara wa zai gabata wa zai biyo ba. Wanda yake son ya ga wannan da idonsa ya zo Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa, ya tsaya a kara ya ga yadda ake loda shanu a manyan motoci za a yi Kudu da su. Kakannin shanun nan da ƙafa suke tafiya ta burtali, wata da watanni, ana yada zango.

Ita kuwa kalmar zango ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Fataken goro sun kai ta Gwanja, ga ta nan a Kumasi, ga Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana, inda ta zama sunan unguwar baƙi Musulmi, har waɗanda ba su jin Hausa suna faɗin ta. Watau a lokacin da muke karɓar tasha daga Kudu, mu ma mun riga mun ba wasu zango. A gida kuma ta samu aiki a makaranta, ga shi da ita na buɗe wannan rubutu. Ita ma tasha ta bi sawun zango wajen zama sunan gari da unguwa, kamar Tashar Yari a hanyar Zariya da Tashar Kuka a Kano. 'Yan'uwanta na hanya ma haka: Kwanar Huguma da Kwanar Ɗangora daga kalmar Turanci ta lanƙwasar hanya suke, Miltara kuwa mil tara ne daga gari. In za a kori baƙin kalmomi, sai a fara shawara da mutanen waɗannan wurare.

Saura tambayata ta biyu, wadda ta fi ci mini rai. In aikin zango da na tasha ɗaya ne, me ya sa falke yake da daraja, har ana sa wa yaro suna Madugu, amma "ɗan tasha" ya zama abin da uwa take faɗa wa ɗanta in ya yi ashar? Na juya abin, ga kuma inda na tsaya. Baƙon zango yana da mai masauki wanda ya san shi, ya san ubangidansa, in ya yi ɓarna akwai wanda za a kama. Yakan kuma daɗe, har a san halinsa. Tasha kuwa wuri ne da mota ta kawo gaggawa, mutum ya sauka ya hau ba wanda ya tambaye shi ɗan gidan wane ne. Ba ta cikin unguwar kowa, mai unguwa ba ya iko da ita. Yaron da ya gudo daga gida ko daga gaban malaminsa, nan ne wuri na farko da zai samu abinci ba a tambaye shi dalili ba. Jama'ar da ta saba auna mutum da gidansu, dole ta yi zargin wurin da ba a tambayar gida. Haka aka yi wa bariki, aka samu ɗan bariki, ita ma don wuri ne da ya fita daga ikon gari. Ban ce babu ashar a tasha ba, akwai, na ji da kunnena, akwai masu yankan aljihu kuma. Amma na ga an yi karo-karo a tashar nan an kai fasinjan da ba a san shi ba asibiti, na ga an ajiye jakar da aka manta wata uku har mai ita ya dawo. Waɗannan ba su samu shiga cikin kalmar ba, domin waɗanda suka raɗa sunan fasinjoji ne, su kuwa sa'a guda suke yi a wurin, a gajiye, ana ja musu jaka.

Na gaya wa mahaifina abin da aka ce mini a taro, ina zaton ransa zai ɓaci. Yana cikin duba mai a inji, bai ko ɗago ba, ya ce, "To da ɗan wa kake? Wanda ya faɗa maka, in ya tashi tafiya garinsu a ina zai hau mota?" Na ce a tasha, Baba. Ya ce, "To ka ce masa ya zo da wuri, gidan gaba ba ya jira."

Akwai wata sabuwar baƙuwa da ya kamata in ambata, don ita ma sunan wuri ce, daga Ingilishi kuma. 'Yan fim na Kano suna cewa sun tafi lokeshan, watau wurin ɗaukar hoto, yanzu kuma kowa yana cewa a turo masa lokeshan a waya. Mai karatu ya lura ita ba ta yar da "n" ɗinta ba, ba ta kuma samu jam'i irin na gida ba, domin ta hannun 'yan boko ta shigo, waɗanda suka san yadda ake rubuta ta, suna kuma jin kunyar a ce sun karya Turanci. Akawun jirgi da manomin gyaɗa ba su da wannan kunya, shi ya sa tasu ta narke. In ƙungiya tana neman wadda za ta tsare a ƙofa ta yi wa tambayoyi, ga ta nan.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse, gabas da mu. Na ba dattijon nan labari, na ce masa Baba, wataƙila jirgi ya ratsa ƙasarmu bayan shekara ɗari da 'yan kai da ya wuce mu. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni, in jirgin ya zo, wurin da zai riƙa tsayawa me za a kira shi, tun da su sun riga sun kama sunan.